Madubin Hangen Taurari a Gaban Mai Unguwa

Malamin su ɗana ne ya ja mini. Ya gaya musu cewa a 1610 wani mutumin Italiya, Galileo, ya hango watanni huɗu suna kewaya Mushtari da madubin da ya haɗa da hannunsa. Tun ranar yaron nan ya hana ni sakat: "Baba, shi da ko lantarki babu a zamaninsa ya gani, mu fa?"

A kasuwa mai shago ya sauko mini da wani kwalin madubin hangen taurari, ga hoton Zuhal da zobensa, ga 525 an rubuta ɓaro-ɓaro. "Alhaji, sau 525 yake kusanto da abu. Da wannan sai ka riga kwamitin Sarkin Musulmi ganin jinjirin wata." Ban taɓa zuwa Makka ba, amma Alhajin nan ya ratsa ni, na biya ko tayi babu.

Gidanmu a gindin Dala yake, tsakar gida kuwa ba ta nuna sama sai ɗan tsagi, don haka bayan isha'i muka hau soro. Ƙafafun abin uku, suna rawa kamar na ɗan akuyar da aka haifa yanzu. Ka yi numfashi, ya girgiza. Da ƙyar na kamo wata, kafin yaro ya sa ido ya sulale. "Baba, ya gudu!" Ga hazon hunturu ya tsaya mana a gaba.

Takardar cikin kwalin ta ce a fara saita shi da rana a kan wani abu mai nisa. Washegari na hau na auna Dutsen Dala. To, a cikin birni ko mai gyaran indararo sai ya aika maƙwabta su kintsa kafin ya hau, balle ƙato da bututu a ido, kuma tsakanina da Dala gidajen matan aure ne reras. Kafin la'asar an yi sallama da ni, wai Mai Unguwa yana kira, in zo da "kayan leƙen".

"Ranka ya daɗe, taurari nake nema."

"Da azahar?"

Aka kafa shi a ƙofar zaure, Mai Unguwa ya gyara rawani ya leƙa. Sai salati. Ya ga Dala a kife, masu hawanta ƙafa sama kai ƙasa. Maƙwabcina da ya kai ƙara ya ce dama shi ya san da tsatsuba a ciki.

Wani malamin kimiyya da ke zauren ya cece ni, kodayake ceton da tonon asiri ya zo. Ya ce irin wannan madubi haka yake kifar da hoto, tunda sararin sama ba ruwansa da ina ne kai, ina ne ƙafa. Watan ma ba gudu ya yi ba, duniya ce ke juyawa. Ya duba bakin madubin, milimita 60. Ya ce iyakar kusantowa mai amfani kamar ninki biyu ce na faɗin baki, wato 120, saura duk dishi-dishi. Na Galileo ma wajen sau 20 ne. Yaro mai farawa, in ji shi, a saya masa mai ido biyu, 10x50, ya dogara shi a katanga: zai ga ramukan wata, da Kaza da 'Ya'yanta cike da 'yan tsakin da ido ba ya gani, har watannin Mushtari in sama ta washe. Rana kuwa ko da wasa kada a kalla, makanta ce.

Hukunci ya fito: ba hawa soro sai bayan isha'i, baki ya kalli sama, kuma yaran unguwa su samu rabonsu. Mai ido biyun da na sayo daga baya, maƙwabcin nan nawa ya fi yaran riƙe shi, sai an yi masa magana yake saki.

Mai son na 525 ya neme ni. Har kwalin zan haɗa masa, don a jikinsa kaɗai ake ganin Zuhal.