Yadda Za Ka Kalli Fim Ɗin Jarumai Kusa Da Mai Hasashe

Duk wanda Allah ya jarrabe shi da mai hasashe a gida ko a majalisa ya san halin da muke ciki tun ranar 1 ga Yulin 2025. A ranar ce aka saki kashi na ƙarshe na shirin Marvel mai suna Ironheart, aka nuno Sacha Baron Cohen zaune a shagon fiza, ya buɗe baki ya ce sunansa Mephisto, shaiɗanin nan na littattafan Marvel. Shi ke nan, barci ya ƙare. Mutanen da suka shekara huɗu suna kiran sunan nan a kan kowane fim na Marvel sun sami abin riƙewa. Nawa ɗan yayata ne, yaro mai hankali da ladabi a duk sauran harkokinsa, amma tun daga ranar gaisuwarsa ta koma "Ina kwana Kawu, ai na faɗa maka." Ya faɗa ɗin kuwa. A 2021 ya faɗa, a kan wani fim daban, kuma a lokacin zomo yake nunawa.

Ba zan ɓata maka lokaci da cewa ka kashe data ko ka guji YouTube ba. Duk mun gwada, labarin ya biyo mu har wurin mai shayi. Ga dai abin da ya rage.

Na ɗaya, kada ka shiga gardama da shi da hujja a hannu. Ba a kayar da mai hasashe. In abin ya faru, ya faɗa. In bai faru ba, to da ma haka aka rubuta, sai da labari ya fita kamfani ya sauya don ya kunyata masu basira irinsa. Abin da ya fi ƙona rai shi ne an taɓa yin hakan da gaske, shi ya sa bakinsu ba ya mutuwa. A 1991 kamfanin DC ya fitar da jerin littattafan zane mai suna Armageddon 2001, inda ɗaya daga cikin jarumai zai rikiɗe ya zama azzalumin sarki mai rufe fuska, Monarch. Captain Atom aka shirya. Asiri ya tonu tun kafin littafin ƙarshe ya fito, sai aka yi maza aka ɗora wa Hawk, alhali a cikin jerin nan an riga an nuna Hawk yana yaƙar Monarch ɗin. Aka rusa labarin da aka yi watanni ana ginawa don kawai kar wani ya ce ya gano. Ni a ganina wannan ya isa ya tsorata kowa, mai rubutu da mai hasashe. Amma in ka ba yaronka wannan tarihin, makami ka ba shi. Riƙe shi a cikinka.

Na biyu, ka sanar da shi, cikin lalama, cewa tirela talla ce. A tirelar Avengers: Infinity War da aka saki a Nuwamban 2017, kowa ya ga Hulk a guje a dajin Wakanda bayan Captain America da Black Panther. Watanni aka yi ana lissafin wa zai doka, wa zai ɗaga. Fim ya fito a Afrilun 2018, Thanos ya lakaɗa wa Hulk duka tun a farko, Hulk ya shige cikin Bruce Banner ya yi kememe ya ƙi fitowa har aka tashi. Wancan gudun babu shi a fim ko kaɗan. To mutumin da ya ga haka da idonsa, me zai sa ya sake zama ya tsayar da tirelar minti biyu, hoto bayan hoto, yana ƙara girman inuwar da ke jikin taga?

Na san amsar. Kadangare ne ya ja mana. A Nuwamban 2021, a wata tirelar Spider-Man: No Way Home da aka saki a Birazil, an ga kan Lizard, mugun nan mai siffar kadangare, ya karkace kamar an naushe shi, alhali babu kowa a gabansa. Masu hasashe suka ce an goge wani Spider-Man ɗin ne daga hoton. Suka yi gaskiya. A Disamba sai ga Tobey Maguire da Andrew Garfield. Ni ma na yi murna, har yanzu ina ganin saukowar Garfield ya cafe MJ tana daga cikin abubuwa mafi daɗi da aka yi a finafinan nan. Amma tun daga wannan naushi, duk tirelar da aka bar fili a gefen hoto, akwai wanda aka goge. Duk bidiyon da za ka buɗe akwai jan da'ira da jar kibiya suna nuna gajimare, ga mai bidiyon ya riƙe kai ya wangale baki. Minti ashirin na datarka, a kan gajimare. Kuma ba a wayarsa ake kallo ba, a taka, don tasa "ba caji, Kawu."

Na uku, game da abin da 'yan wasa ke faɗi a hira: ka toshe kunne. Garfield ya shafe watanni yana musun cewa yana cikin fim ɗin, da fuskar da za ka ba shi ajiyar kuɗi. Saboda haka yanzu in ɗan wasa ya ce ba ya ciki, yana ciki. In ya ce yana ciki, akwai wani babba da ake ɓoyewa. In ya yi shiru, shirun ma magana ce. Shi kuwa Paul Bettany mai fitowa a Vision, lokacin WandaVision, ya ce zai fito tare da wani ɗan wasa da ya daɗe yana burin yin aiki da shi. Aka kawo sunayen duk manyan Hollywood. Ashe kansa yake nufi, Vision biyu ne suka haɗu.

Tun da WandaVision ta shigo, bari in tsaya a nan, don ita ce ainihin ciwon. Kashi tara ne, daga 15 ga Janairu zuwa 5 ga Maris 2021, kuma duk Juma'a sai an naɗa sabon Mephisto. Zomon maƙwabciya Agnes shi ne. Tsuntsun da ya shigo falo a kashi na uku shi ne. Ƙwaron da ke jikin labule shi ne. Maƙwabciya Dottie, da mai kawo wasiƙa, da mijin Agnes da ba a nuna ba tukuna, duk shi ne. Monica Rambeau ta ce ta san wani injiniya, nan take aka ce Reed Richards na Fantastic Four ya iso, sai ga wata sojar da ba wanda ya taɓa jin sunanta. Evan Peters ya ƙwanƙwasa ƙofa a matsayin Pietro, ɗan'uwan Wanda, aka ce an buɗe wa X-Men hanya, ƙarshe ya zama wani mazaunin garin mai suna Ralph Bohner. Ba na cewa hasashen Mephisto ba shi da tushe. A littattafan ƙarshen shekarun 1980 an ce tagwayen Wanda daga ɓurɓushin ransa aka yi su. Tushe akwai. Amma dubi abin da ke kan allo a lokacin.

Jarumar shirin, Wanda, mace ce da bam ya kashe iyayenta tana yarinya a Sokovia. An harbe ɗan'uwanta tagwai. Masoyinta Vision, da hannunta ta kashe shi don ta ceci duniya, sannan Thanos ya mai da lokaci baya ya sake kashe shi a gabanta. A kashi na takwas ta tuƙa mota ita kaɗai zuwa wani ƙaramin gari a New Jersey, ta buɗe takardar filin da Vision ya saya musu, ta tsaya a tsakiyar harsashin ginin da ba a ɗora ko bulo ɗaya a kai ba, ta durƙusa. Duk wanda ya taɓa komawa ɗakin mamaci ya tarar da takalmansa a bakin ƙofa ya san wannan durƙuson. Ina zaune maƙogwarona ya cushe, sai na ji an taɓo gwiwata. "Kawu, tsayar, koma baya kaɗan. Ka ga wani ja-ja a bayan motar can?"

Na ce, "Ɗana, matar nan mijinta ya mutu."

Ya ce, "Eh, to ai shi ya sa nake ganin Mephisto ne zai zo mata da tayi."

Wallahi raina ya ɓaci, kuma har yau in na tuna yana ɓaci. Mutane sun zauna sun rubuta labarin makoki, Elizabeth Olsen da ta fito a Wanda ta zuba duk abin da take da shi, amma ranar da aka gama, kukan da ya cika duniya shi ne an yi mana sakiyar da ba ruwa. Wa ya yi alƙawari? Kai ka rubuta fim a kanka, ka ɗauki 'yan wasa a kanka, sannan ka zo ka tuhumi darakta don bai leƙa kanka ba. Matar nan tana kwantar da 'ya'yanta a gado, ta san da ta rufe ƙofa ba za ta sake ganinsu ba, kai kana duba agogo kana jiran Doctor Strange ya faɗo ta taga. Bahaushe ya ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, kuma zuwan Mephisto bayan shekara huɗu bai mai da wa kowa wancan kallon da ya yi asara ba.

Ina muka tsaya? Na huɗu ne ko na biyar, guntun da ake sakawa bayan sunaye. A 2008 Samuel L. Jackson ya fito daga duhu a ƙarshen Iron Man ya yi maganar Avengers, bayan shekara huɗu aka cika alƙawari, daga nan muka koyi zama har mai shara ya zo ya tsaya a kanmu. Yanzu guntun nan ya zama "dawo gobe" na tela ana saura kwana uku Sallah. Harry Styles ya leƙo a ƙarshen Eternals a 2021. Charlize Theron ta yaga sararin sama ta ja Doctor Strange a 2022. Hercules ya ɗaga kulki a ƙarshen Thor: Love and Thunder a 2022 ɗin ma. Kowannensu an yi masa bidiyon hasashe ba adadi. Mafi ban tausayi Henry Cavill: ya fito a ƙarshen Black Adam a Oktoban 2022, ya sanar da duniya cewa ya dawo Superman, a Disamba ya sake sanar da cewa bai dawo ba, don James Gunn da Peter Safran sun karɓi ragamar DC da wani shiri daban. Wata biyu. Akwai masu taswirar finafinai goma da suka zana a kan wannan daƙiƙoƙin.

Haka Blade na Mahershala Ali, an sanar a 2019, aka cire shi daga jadawali a 2024. Haka Kang, wanda aka sa wa fim ɗin Avengers sunansa a 2022, aka rabu da ɗan wasan a Disamban 2023, sai ga Robert Downey Jr. a Yulin 2024 ya cire abin rufe fuskar Doctor Doom a San Diego. Shawara a nan ita ce ka tuna wa mai hasashe cewa rabin abin da yake kira tsari na shekara goma, kwangila ce da lauyoyi da lissafin kuɗin shiga. Ba zai ji ba, amma ka sauke nauyi.

Sauran a gurguje. Kada ka ba shi rimot. Kada ka tambaye shi "wane ne wancan?" sai in ka ci abinci. In ya ce "a littafin asali," tambaye shi lamba ta nawa, sau da yawa a nan ake samun shiru. In ya roƙi a ba shi abin da yake so, tuna masa John Krasinski, wanda masoya suka yi shekaru suna naci sai an ba shi Reed Richards, aka ba shi a 2022, Wanda ta yayyaga shi cikin 'yan mintuna. In kuma ka tarar da shi ya ƙura wa kujeru ido, kamar ranar 26 ga Maris 2025 da aka shafe sama da awa biyar ana nuna kujeru 27 ɗaya bayan ɗaya da sunayen 'yan wasan Avengers: Doomsday, to wannan ba ni da shawara a kai. Kai masa ruwa.

Akwai guda ɗaya da ba raha a ciki. A Afrilun 2020 Chadwick Boseman ya fito a wani bidiyo a rame. Wasu suka ce sabon fim yake shirya wa jiki, wasu suka yi ta shaci-faɗi da ba'a. Ranar 28 ga Agusta ya rasu yana da shekara 43, aka ji cewa tun 2016 yake fama da kansar hanji, a cikinta ya yi Black Panther. Kafin a gama ta'aziyya an fara jera sunayen wanda zai gaji rigar. Yi hasashe a kan zomo in ka ga dama. Jikin ɗan Adam da rashin lafiyarsa ba tirela ba ne, in yaronka ya doshi nan ka tsawata masa da gaske.

Ni ba na neman a daina hasashe. Ƙauna ce ke kawo shi, ba wanda ke ƙirga tagogin fim ɗin da bai damu da shi ba, kuma hirar bayan kallo, a kan benci, kowa da nasa kirdadon, tana daga cikin daɗin abin. Lokacinsa nake roƙo a gyara. An sa ranar 18 ga Disamban 2026 don Avengers: Doomsday. Kai mai hasashe, ɗana ko ɗan wani, don Allah ka bar mu mu ga wanda ke kan allo kafin ka faɗa mana wanda aka ɓoye. In an kunna fitila, ni zan sayi shayin, ka yi bayani har gari ya waye.