Ranar da na mayar da makaranta Kasuwar Kurmi

Da Alhaji mai makarantar ya kira ni ya ce kwamfutocinsa sun kai 254, adireshi ya ƙare, sai na gyara zaman hula. Na canza 255.255.255.0 zuwa 255.255.0.0, na yi masa albishir cewa yanzu gidan zai ɗauki na'ura 65,534.

"Injiniya, Allah ya ƙara basira," in ji shi. Ashe addu'ar ta zo a kan gaɓa.

Abin da na yi shi ne tara kowa a zaure ɗaya, alhali na'urorin da ke zaure ɗaya ba su iya raɗa ba. Duk wadda ke neman 'yar'uwarta sai ta ɗaga murya kamar sanƙira: "Wa ke da adireshi kaza?" Shi ne ARP. Kowa kuma dole ya ajiye abin da yake yi ya saurara, ko da ba shi ake kira ba. Shi ya sa tsofaffin littattafan Cisco suke jan kunne kada a wuce wajen 500, masu tsoron Allah kuma suke tsayawa a 254. Ni kuwa na buɗe ƙofa: firintoci, kyamarorin tsaro, wayoyin malamai, har ta maigadi. Ga Wi-Fi da ke karanta kowace shela a hankali don na can lungu ya ji. Aiki ya koma tafiyar hawainiya, na ɗora laifin a kan kamfanin intanet.

Ranar jarrabawar gwaji na hangi wata waya tana lilo. Ni mutum ne mai son tsabta, sai na cusa bakinta a suwic. Ashe ɗaya bakin ma a nan yake. Shelar Ethernet ba ta da wa'adin mutuwa. Ta shiga zagaye tana hayayyafa, fitilu suka ɗauki ƙyaftawa tare kamar ana kiɗan kalangu, komai ya tsaya cak. Da a zauruka na raba na'urorin, da ɗaya ne kawai zai kwanta.

Ina cikin yi wa Alhaji bayanin 'yan kutsen ƙasar waje, yaron shagona ya zare wayar.

"Oga, ko mu yanka su VLAN-VLAN? Ɗalibai daban, ofis daban, kyamara daban."

Na ce dama abin da nake shirin faɗa ke nan. Tun ranar, idan Alhaji ya bugo ya ce a turo Injiniya, ni nake ba yaron kuɗin Keke Napep.