Tarbiyyar Gidanmu Tana Bin Farashin Kwando

Idan kana son sanin halin gidan manomin rani a Kura ko Bunkure, kada ka wahalar da liman. Je ka Kwanar Gafan ka ji nawa kwandon tumatir ya kwana. Shekarar da kaya suka yi daraja, maigida mutum ne mai fara'a da zumunci, har surukarsa yake zuwa gaisarwa ba Sallah ba. Kafin tsinka ta uku an sayi babur, an sake kwanon rufi, an fara aike gidan wata bazawara a Ƙarfi. Uwargida ta san alamar. Ranar da ya shigo da tsire ba wanda ya roƙa, sai ta ce, "Malam, buhunan takin nan na ɗakin waje, ina za a mayar da su?"

Shekarar kwantai kuwa, da masu kai kaya Legas suka ja baya, aka koma shanya kauɗa a gefen titin Zariya, nan take maigida zai rikiɗe ya zama mai wa'azin wadar zuci. A 2016, da tsutsar nan da manoma suka raɗa wa suna Sharon ta lashe gonaki har kamfanin tumatir na Dangote da ke Kadawa ya rasa abin niƙa, an sami malaman haƙuri a kowane zaure. Duk huɗubar tasu da magana ɗaya take farawa: "Mu a zamaninmu..."

To, nan ne nake da ja, don ni ma ɗan zamanin ne. Mu ne 'ya'yan ruwan Tiga, madatsar da aka gina a mulkin Audu Bako aka gama a 1974, ruwanta ya biyo kanal ya mayar da rani damina a ƙasarmu. Abin da ruwan nan ya fara nomawa ba alkama ba ce, ba shinkafa ba, 'yan gudun makaranta ne. A jingine allo a gindin darbejiya, a tuɓe, a yi tsundum. Da tsargiya ta kama yaro ya fara fitsarin jini, sai abokai su taya shi murna wai ya zama namiji. A aike mu korar tsuntsaye a gonar shinkafa, mu yi barci, tsuntsaye su yi biki. Yau waɗannan mutanen sun yi gemu, kowa yana rantse wa 'ya'yansa bai taɓa fashin makaranta ba, kuma tun asuba yake kan kunya. Na bi tsararrakina ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya amsa ya shiga kanal ɗin. Da alama aljanu ne suke iyo.

Sai maganar buri. Kowane uba ɗansa likita zai zama, in abin ya ƙi, kwastan. "Ba zai sha wahalar da na sha ba," in ji shi. Amma ranar Litinin da hantsi ga likitan can cikin gona, goye da injin feshi, saboda lebura ya yi tsada. Idan yaro ya ce, "Baba, an ce a kawo kuɗin jarrabawa," sai a ba shi tarihin yadda aka sha gasara ba sukari.

Kuɗin dai daga ƙarshe a bakin zanen uwa yake fitowa, wadda take yini cikin hayaƙi tana turara shanshera. Ranar ba da kyaututtuka tana gida gaban tukunya. Maigida ne a layin gaba da babbar riga, yana yi wa hedimasta bayanin cewa ƙwaƙwalwar nan gado ce, shi ma a zamaninsa ba ya wuce na ɗaya.