Sharhin Fim Daga Bakin Gona

An gama girbin masara a Dayi. Hannu ya huta, ido ya kama aiki. Mai turi ya cika mana waya da finafinai, kowane iri da ɗan taɓawa.

Na Indiya, fassarar Algaita, shi ya tayar mini da hankali. Dukan da jarumin ya yi wa ƙarti 40 bai dame ni ba, ai sana'arsa ce. Gonar da suka shiga rawa ita ce abin dubawa. Shuka ta yi kore shar, da gani ta sha taki sau biyu, amma shi da budurwarsa da 'yan amshi suka bi ta kai suna tattakewa. Har fim ya ƙare mai gona bai fito ba. Bawan Allah mai haƙuri! Da a nan ne, kafin baiti na biyu magana tana gaban mai unguwa.

A na Amurka kuwa duniya ce za ta tashi. Kamar kullum, daga birnin New York aka fara. Dodannin nan sun san hanya, ba su taɓa ɓatan kai sun sauka a Malumfashi ba.

Sai Labarina na Aminu Saira. Ina son shi. Amma na kasa kunne in ji wanda zai tambayi kuɗin buhun taki, shiru. Kowa na cikin damuwa, a kan kujera mai laushi.

Na ban tsoron ne kaɗai ban ƙarasa ba. Kada a yi mini mummunar fahimta, caji ne ya ƙare. Sau uku, daidai wurin da aljanar take fitowa.