Sharhi A Kan Tallar Tsohuwar Mota

Daga cikin fannonin adabin da mutanen Amurka suka ƙware a kansu, waɗanda kuma malaman jami'a ba su ba su haƙƙinsu na nazari ba, akwai tallar tsohuwar mota, musamman irin motocin nan masu ƙirar ƙarfi da kamfanonin birnin Detroit suka yi ta fitarwa daga 1964 zuwa farkon shekarun 1970, waɗanda aka ɗauko ƙaton inji mai silinda takwas aka cusa a jikin matsakaiciyar mota domin samari su sami abin firgita maƙwabta. Matanin tallar gajere ne, bai cika wuce layi biyar a mujalla irin Hemmings ba, amma kowace kalma a cikinsa tana da zahiri da baɗini, har ya zama wanda ya karanta shi ba a gaban malami ba yana iya jinginar da gidansa ya sayo tsatsa. Saboda haka na ga ya wajaba in yi masa ɗan sharhi, gwargwadon abin da ya sawwaƙa.

Ga matanin kamar yadda aka saba tsara shi: "Dodge Charger ta 1969. Lafiya lau take tashi ranar da aka ajiye ta. 'Yar tsatsa kaɗan a inda aka saba. Lambobi sun dace. Uwargida ta ce a sayar. Kada mai tayin wulaƙanci ya kira, na san abin da na mallaka."

Kafin mu shiga cikinsa, ya kyautu mai karatu ya san cewa wannan zuri'a ta motoci da hila aka fara ta, domin a lokacin kamfanin General Motors yana da doka cewa kada a sa wa matsakaiciyar mota babban inji, sai John DeLorean da abokan aikinsa na sashen Pontiac suka ce ai su ba sabuwar mota suka ƙera ba, ƙarin kaya ne kurum wanda mai saye zai zaɓa idan ya so, kuma da wannan fatawa aka haifi GTO a 1964. Daga nan kowa ya shiga gasa, har kamfanin Plymouth ya biya Warner Bros dala 50,000 domin ya raɗa wa motarsa sunan wani tsuntsun majigin yara, Road Runner, ya kuma sa mata hon mai kuka irin nasa. Amma daular ba ta yi tsawon rai ba. Kamfanonin inshora suka tsawwala wa samari kuɗi, dokar tsabtace iska ta 1970 ta shaƙe injuna, ƙasashen Larabawa suka sa takunkumin man fetur a 1973, a 1974 kuma aka haramta wa kowa wuce mil 55 a awa. Motar da ke shanye galan guda a cikin mil goma ko kusa da haka ta zama jarrabawa ga mai ita, sai aka tura ta bayan gida aka lulluɓe da tamfol.

To, wannan ita ce "ranar da aka ajiye ta", kuma hikimar marubucin ita ce bai faɗi shekarar ba, alhali kuwa mai yiwuwa ne a zamanin shugaba Carter aka yi ajiyar. Magana ce ta gaskiya wadda babu alƙalin da zai kama mai ita da ƙarya, duk da cewa tun daga wannan rana ɓeraye sun haifi jikoki da tattaɓa-kunne a cikin kujerun, man da ke tanki ya daskare ya zama ƙaro, tayoyin huɗu kuma sun nutse a ƙasa har gindi. Batun tsatsa ma haka yake. A jihohin arewa irin su Michigan da Ohio ana barbaɗa gishiri a kan hanya da hunturu domin ya narkar da ƙanƙara, gishirin nan kuwa ba ya barin ƙarfe, don haka "inda aka saba" yana nufin daɓen mota da but da ƙasan ƙofofi da bayan tayoyi, wato ko'ina ban da gilashi. Mai saye mai wayo yakan zo da maganaɗisu a aljihu yana manna shi a jikin motar, duk inda ya ƙi kamawa ya san kwaɓin ciko ne aka shafe da fenti, mai gida kuwa yana tsaye yana kallon sama.

Amma babin da ya fi kowane zurfi, wanda a kansa ne dukiya ke hawa da sauka, shi ne na lambobi. Ba don kwatanta abu mai daraja da tarkacen ƙarfe ba, sai dai lalle mutanen nan sun ƙago wa kansu ilmin isnadi cikakke, da ingantacce da mai rauni da ƙirƙirarre. Sharaɗin inganci shi ne lambar da aka buga a jikin inji ta dace da lambar motar, domin a tabbatar cewa injin da aka haife ta da shi ne, ba wani aka ɗauko daga bola aka dasa mata ba, ko da kuwa na dashen ya fi na asalin lafiya nesa ba kusa ba. Sai ka ga dattijo mai furfura, wanda likita ya hana shi sunkuyawa, kwance a ƙarƙashin mota da tocila a baki yana kankare dattin shekara hamsin da buroshi, yana karanto lambobi da rawar murya. Akwai kuma wata 'yar takarda da ma'aikatan kamfani kan cusa a ƙarƙashin kujerar baya ko a saman tankin mai ranar da aka harhaɗa motar, wadda a wurinsu shara ce, amma a yau idan aka same ta, ko da ɓera ya ci rabinta, ana sa ta a gilashi a rataye a falo kusa da hoton aure. Masu motocin Ford har suna da rahoton Marti, wanda ake ciro shi daga kundin kamfanin, ya gaya wa mutum cewa a shekarar nan motoci kaza ne kaɗai aka yi da wannan launi da wannan kujera da wannan rediyo, kuma da yake idan aka yi ta ƙara sharuɗɗa kowace mota takan zama tilo, kowane maigida yana da hujjar cewa tasa ba ta da na biyu.

Inda aka sami isnadi kuwa ba a rasa maƙirƙira. Mutum ya sayi Chevrolet Malibu ta kai yara makaranta, ya manna mata haruffan SS da zane biyu a kan bonet, idan aka ritsa shi ya ce ai girmamawa ce ga ta asali, wato Chevelle SS. Su kansu masu harkar suna barkwanci cewa Chevelle SS da ke raye a yau sun fi waɗanda kamfanin ya ƙera yawa.

Har ƙura ma tana da hukunci. Wanda ya tsinci irin motar nan a cikin tsohuwar barga, babban kuskuren da zai yi shi ne ya wanke ta, domin ƙurar shaida ce, kuma da ita ake kai ta kasuwa. Koriyar Mustang ta 1968 da Steve McQueen ya tuƙa a fim ɗin Bullitt, wadda shi kansa ya rubuta wasiƙa a 1977 yana roƙon a sayar masa aka ƙi, an yi gwanjonta a Kissimmee ta jihar Florida a watan Janairu na 2020 a kan dala miliyan 3.74, da tsatsarta da lotsewarta. Waɗanda suka zaɓi gyara kuwa, sukan biya makaniki kuɗi mai yawa ya mayar da alamun alli da ɗigon fentin da leburorin Detroit suka bari saboda gaggawa, ta yadda gangancin ma'aikacin 1969 ya zama tafarkin da ake hukunta wanda ya saɓa masa.

Game da uwargida ba zan tsawaita ba, illa in ce baiwar Allah nan ta yi shekara ashirin tana ajiye tata motar a waje cikin dusar ƙanƙara saboda gawar da ta mamaye gareji, kuma ba a taɓa ambatonta a rubuce ba sai ranar da ake neman wanda za a ɗora wa laifi.

Saura jumlar ƙarshe. Abin da ya sa maigida ya san abin da ya mallaka shi ne ya kwana a gaban talabijin yana kallon gwanjon Barrett-Jackson da ake yi a Scottsdale ta Arizona kowane Janairu, ya kuma ji labarin wata Plymouth Hemi 'Cuda ta 1971 mai buɗaɗɗen kai da aka sayar dala miliyan 3.5 a Seattle a 2014, sai ya yi ƙiyasi cewa tunda waccan tsohuwa ce tasa ma tsohuwa ce, hukuncinsu ɗaya. Ƙiyasin ɓatacce ne, domin waccan tana da injin Hemi mai ƙarfin doki 425 kuma 'yan ƙalilan aka ƙera, tasa kuwa ƙaramin inji gare ta, daɓenta ma ana hango ciyawa ta cikinsa. Duk wanda ya taya, amsarsa albarka, sa'an nan ya bi shi da wa'azi a kan lalacewar zamani.

Da abin mamaki, mai saye ba ya ƙarewa. Galibi dattijo ne cikin waɗanda aka haifa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda yana saurayi ya tsaya a bakin titi yana haɗiyar yawu ba shi da ko sisi, yanzu kuma Allah ya hore masa dukiya a daidai lokacin da gwiwarsa ta daina yarda da kuloci. Bayan ya kashe ninkin kuɗin sayen wajen gyara, sai ya gano cewa kowane mil da ya ƙara mata yana rage darajarta, ruwan sama maƙiyinta ne, tsakuwa ma haka, don haka sai a rufaffiyar tirela ake kai ta wurin baje koli, a shimfiɗa madubi a ƙarƙashinta domin jama'a su ga tsabtar cikinta, shi kuma ya zauna a kujerar naɗewa da tsumma a hannu yana harar duk yaron da ya matso.

Sau ɗaya a shekara yake yin kasada, ranar Asabar ta uku ga watan Agusta, lokacin da dubban irin motocin nan ke taruwa a titin Woodward na Detroit kamar yadda aka saba tun 1995. A wannan rana cunkoso yakan kai matsayin da masu tafiya a ƙasa ke wuce dawakin nan 425 suna lasar askirim, injin da aka ƙera domin gudu ya yi ta huci a wuri guda har lagireto ya tafasa, sai ka ga jikoki uku sun fito suna tura ta gefen hanya, kakansu na riƙe da sitiyari ya leƙo da kai ta taga yana gargaɗinsu kada wanda ya dafa masa fenti.