Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hanyar 'Yan Ƙafa Ta Birnin Shehu

Ranki ya daɗe,

Ina yi miki sannu da ɗaukar kaya. An shimfiɗa ki a gefen wasu manyan titunan Sakkwato domin ƙafafun bayin Allah, amma kowa ya samu gurbi a kanki ban da mai ƙafar. Mai shayi ya kafa teburi da benci biyu. Mai faci ya jera tsofaffin tayoyi, ga bahon baƙin ruwan da yake tsoma tub a ciki yana neman inda ke fitar da kumfa. Mai kankana ya tula kayansa, 'yan kabu-kabu sun mayar da ragowar wurin tasha. Inda aka ɗan samu sarari kuwa, an yi awon gaba da murfin kwalbati. Dole mai tafiya ya sauko kan kwalta ya raba hanya da tirela, direba na danna masa oda yana tambayarsa ko titin na ubansa ne.

Likita ne ya haɗa ni da ke. Ya ce hawan jini ba ya jin ƙwaya kaɗai, sai an haɗa da tattakin rabin awa kullum. Faɗa da baki ba wuya. A garin nan, magidanci ba ya tafiyar ƙasa haka kawai. Kafin in kai Gawon Nama wata mota ta ci burki, an sauke gilas: "Alhaji, lahiya? Mota ta lalace? Taho in kai ka." In ka ce motsa jiki kake, sai ya dube ka da tausayi, ya ce Allah shi kyauta. Kafin la'asar labari ya zaga Mabera cewa karayar arziki ta same ka, har wani ya fara tambayar nawa za ka saki motar. Ga rana, wadda a watan Afrilu take haura digiri 40 ba tare da ta nemi izinin kowa ba. Shi ya sa nake zuwar miki bayan sallar asuba, kafin mai ƙosai ta hura wuta, lokacin da daga ni sai awaki.

'Yan keke ma sun ce in kai kukansu. A zamanin kakanninmu mai keken Raleigh babban mutum ne, daga baya babur ya ture shi, aka bar wa manoman fadamar Rima da ke bi ta Kwalkwalawa da buhun albasa a kariya. To, ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Sai ga kekuna sun fito daga zaure, an kaɗe musu ƙura, an ɗiga wa sarƙa baƙin mai. Sun fito sun tarar ba su da layi: a kwalta mota ta kore su, a kanki mai shayi ya kore su.

A Amurka tsofaffin layukan dogo ake cire wa ƙarfe a zuba kwalta, masu keke da masu tattaki da masu jan kare su yi ta bi daga gari zuwa gari. Mu wannan dabarar ta fi ƙarfinmu, domin layin dogon da aka nufo mu da shi a Ƙauran Namoda ya tsaya tun 1929.

Batun kare kuma kada ya dame ki. Karenmu shi ke kai kansa yawo, ya san hanyar mahauta fiye da mai shi, in ba na mafarauta ba da ke bin iyayen gidansu daji. Dabbar da ake ja da igiya ana taƙama a nan ragon layya ne, shi ma na 'yan kwanaki.

Roƙona bai da yawa. Ki yi magana da masu haya a kanki su bar mana faɗin ƙafa biyu, a mayar da murfin kwalbatin, a dasa dogon yaro a jere. Na san da inuwar ta yi kauri masu majalisa za su shimfiɗa tabarma a ƙarƙashi. In hakan ta faru, a ajiye mini wuri kusa da mai shayi, kada dai likita ya ji.

Naki mai biyayya,
Wani mai hawan jini daga Mabera