Sahu Ɗaya, Hali Dubu: Mutanen Masallatan Landan

Ƙidayar 2021 ta ce Musulmin Ingila da Wales sun kai miliyan 3.9, kuma kashi 15 cikin ɗari na mazauna Landan Musulmi ne. Abin da masu ƙidayar ba su rubuta ba shi ne kowa ya taho da al'adar ƙauyensu a aljihu, yana kuma rantsuwa ita ce Sunna.

A fara da dattijon sahun gaba. Daga Silet ta Bangaladash ya zo tun shekarun 1960, ya yi ɗinki, ya yi wanke-wanke a gidan abinci, da guminsa aka sayi ginin da ake salla a ciki. Saboda haka taga tasa ce. In ka buɗe ya rufe, in ka rufe ya buɗe. Ba liman ba ne, ba ladan ba, ba ya cikin kwamiti, amma liman ma sai ya saci kallonsa kafin ya ta da kabbara. Masallacin Brick Lane an gina shi a 1743 a matsayin coci, ya zama wurin ibadar Yahudawa, sai a 1976 ya koma masallaci. Amma in ka ji Baba yana ba da tarihi, sai ka ce shi ya haƙa harsashin. Ni dai ba na ganin laifinsa. Wanda ya yi shekaru yana salla a ɗaki mai raɓa, a bar masa taga.

Sai masanin wata. Wannan barci yake yi duk shekara, ba ya farkawa sai ƙarshen Sha'aban. Samaniyar Landan gajimare ne, ba wanda ya ga komai, amma shi yana da hujja a waya. Masallacinsu Saudiyya yake bi, na bayan layi yana jiran Maroko, don haka a titi ɗaya wani na cin naman Salla, maƙwabcinsa na haɗiyar yawu. Shi ya jefa ma'aikata cikin kunyar zuwa gaban shugaban ofis suna cewa, "Zan ɗauki hutu, ko Talata ko Laraba, sai dai an ga wata." Lokacin da azumi ya faɗo a watan Yuni, kamar a 2016, ana wuce awa 18 ba ci ba sha, shi kuwa ya sami sabon fage: yaushe alfijir ke ketowa a garin da duhun dare ba ya gama sauka a tsakiyar bazara? Jadawali uku ya manna a jikin firiji. Na sahur yana bin mai jinkiri, na buɗa-baki mai sauri.

Akwai sufeton halal, wanda za ka tarar a kantin Tesco da tabarau a kan hanci yana karanta bayan ledar alawa. Ya san sinadarin E120 daga ƙwaro ake samunsa. Ya haddace saɓanin hukumomin tantance halal, HMC da HFA, a kan sumar da dabba kafin yanka. Ka gayyace shi walima, kafin ya ce bismilla sai ya ji sunan mahaucinka. Kada dai ka tambaye shi da wane irin bashin banki ya sayi gidansa. Nan take zai ga lokacin La'asar ya yi.

Mai alwala a ofis bawan Allah ne, ba ruwansa da kowa. Ƙaddararsa ɗaya: duk sa'ad da ya ɗaga ƙafa ya sa a kwamin wanke hannu, a daidai lokacin Bature zai turo ƙofa. Baturen ya ba da haƙuri, shi ma ya ba da haƙuri, su shekara suna gaisawa ba wanda ya sake ta da zancen. Ɗan'uwansa mai mota kuwa, ranar Juma'a yake toshe ƙofar gidan mutane da sunan minti biyar. Ladan ya karanta lambar motar sau uku a lasifika, shi ya dulmuya cikin nafila.

Da can, in mai bokitin taimakon masallaci ya tare ka, sai ka shafa aljihu ka ce babu tsaba a jikinka. Yanzu ya zo da na'urar kati. A saman bene, sashen mata, Anti mai haɗa aure na zaune. Lasifikarsu ta lalace, ba ta ji huɗuba ba, amma ta san wace yarinya ce ta gama karatun likita da kuma nawa yayanta ke ɗauka a wata.

To, ga namu. Ɗalibi ne ya zo digiri na biyu, an karɓe masa kilishi a filin jirgi domin doka ta hana shigo da nama, har yau bai huce ba. Duk abin da zai saya sai ya juya fam zuwa naira, ya yi salati, ya mayar. A buɗa-bakin masallaci ana tura masa shinkafar biriyani da samosa, yana ci yana ƙorafin kunun tsamiya da ƙosai, yana kuma miƙa faranti a ƙara. An ce masa akwai masallacin 'yan Najeriya a Old Kent Road, ya shiga bas da murna, ya tarar ana hira da Yarabanci. Ya biya Peckham ya sayi doya ya koma.

Babbar jarrabawarsa ranar da ya saki hannu a salla, yadda ya tashi ya ga ana yi a gidansu. Ana sallamewa wani dattijo ya dafa shi.

"Ɗana, kai Shi'a ne?"

"A'a Baba, Malikiyya."

Baba ya yi shiru, ya dube shi sama da ƙasa. "To Allah ya ba ka lafiya. Hannun ne ke ciwo?"